Barkonon da Ya Ƙi Ƙoshi da Ruwa

Malaminmu na Ɗanzomo, Allah Ya jiƙansa da rahama, masani ne mai tsentseni, wanda bakinsa bai rabuwa da zikiri. Abin da zan faɗa da idona na gan shi.

A shekarar da takin zamani ya yi wuya, wani maƙwabcinmu mai suna Hussaini, mutum mai son dabara, ya ɗebo baƙar ƙasa a amalanke daga wani kufai, ya zuba wa barkonon da matarsa Asama'u ta dasa a ƙuryar gida. Barkono ya yi kyau na ban tsoro, amma ƙasar ba ta jiƙa. Guga bayan guga take shanyewa, ta kasance ƙura. Ita kuwa Asama'u sai ƙishirwa ta kama ta, tana sha tana ramewa, har ta kasa tashi, magani kuma ya ƙi ci.

Wata rana da hantsi na bi Malam zuwa gidan, ina riƙe da butarsa. Bai nufi ɗakin marar lafiya ba, sai ya tsaya gaban barkonon, ya cire takalmi, ya yi irin sallamar da ake yi wa mutanen maƙabarta. Iska ba ta motsi, amma ganyen nan duka ya rusuna.

Ya ce, "Malam Hussaini, ƙasar nan tana da mai ita. A mayar masa."

Muka kwashe ta tas, muka kai kufan. A bakin ramin da Hussaini ya haƙa muka ga fasassun tukwanen rufin kabari, waɗanda bai lura da su ba. Malam ya rufe ramin da hannunsa, ya yi addu'a, ya yayyafa ruwan buta kamar yadda ake yi wa sabon kabari. Ɗan ruwan nan ya jiƙa wurin sharkaf.

Da muka koma gidan, muka tarar da Asama'u zaune tana neman kunu. Ba wanda ya gaya mata inda muka je, amma ta ce, "Tsohon da ke tsaye a kaina ya tafi yanzu. Ya ce a gaida mai buta."

Malam ya sunkuyar da kai, ya ce, "Muna amsawa."

Tsarki ya tabbata ga Mai girmama bayinsa salihai. Allah Ya haskaka makwancin Malam, Ya ba mu albarkacinsa, amin.