Shukar Daudu Mai Hannu Ɗaya

A wani ƙauye kusa da Wagini akwai wani manomi Kirista mai suna Daudu, wanda a da ba a shan gabansa a gona. Tun ranar da injin sussuka ya cinye masa hannun dama, sai ya tare a gindin darbejiya, ba shi da aiki sai tausayin kansa. Ko majami'a ya daina zuwa, wai Allah ya manta da shi. In ka ce masa ina gajiya, sai ya ɗaga maka dungulmin ya ce, "Wace gajiya ga wanda ya ƙare?"

Haka gonar gadonsa ta yi damina guda ba shuka. Da ruwan shuka ya sauka bana, yayansa Mani ya zo ya ce, "Daudu, gona ba ta zama haka. In jibi ta yi ba ka shuka ba, zan ba da ita aro."

"Yaya, da me zan riƙe sungumi?"

Matarsa Larai tana jin su. Da Mani ya tafi ta ce, "Maigida, ni zan yi saran. Kai ka bi ni da iri."

To, a shuka namiji ne ke gaba da sungumi yana saran rami, mata da yara na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Daudu ya zabura. "Ni? Aikin yara? A yi mini dariya a garin nan?"

"A yi mana! Almasihun da kake bi, hannu biyu aka huda masa da ƙusa, bai fasa abin da ya zo yi ba. Kai ɗaya ka rasa, ka kwantar da sauran jikin gaba ɗaya."

Maganar nan ta soke shi, kunya ta rufe shi. Can ya durƙusa ya ce, "Ya Ubangiji, na gaji da kukan wanda ya tafi. Ga wanda ya saura, ka yi aiki da shi."

Da safe ya rataya ƙoƙon gero a wuya, ya bi bayan Larai. Dariya kuwa an sha ta. Wani a kan babur har da tsayawa: "Kai jama'a! Daudu ya koma bin mace!"

"Yi da kyau!" in ji Daudu, ko ɗagowa bai yi ba. "Ka dawo da kaka ka ƙarasa."

Hannun hagun ya yi ta zubar da iri a banza, kafaɗa ta yi tsami, amma bai zauna ba. Ranar da Mani ya iso da mai son aron, Daudu na rufe ramin ƙarshe da diddige. Ya share gumi ya ce, "Yaya, sallami baƙonka. Gonar tana da mai ita."

Darasin da ke nan shi ne, rashin hannu bai kusa raba Daudu da gonarsa ba kamar yadda tausayin kai da tsoron dariya suka yi. Kai mai bi, ka daina zaman makokin abin da ka rasa. Miƙa wa Ubangiji abin da ya rage maka, ka tashi, ko da daga baya za ka faro.