Barnaba da Tulun Matan Zumunta

Yara, ku gyara zama. Na san kafin in kai ƙarshe wani zai ce shirya labarin nan na yi, amma ku bari in gama tukuna.

Akwai wani saurayi, mataimakin matuƙin jirgin sama, sunansa Barnaba. Ya iya aikinsa, sai dai bakinsa ya fi jirginsa gudu. Wata rana matan zumunta na ikilisiyarsu, su arba'in, suka tashi zuwa babban taro a gari mai nisa, aka kuwa yi dace jirginsa za su shiga. Uwarsa, Mama Keziya, ita ce mai ba da waƙa.

A gindin matakalar jirgi ya bugi ƙirji ya ce, "Iyayena, da mun tashi ku fara waƙa. Kafin ku gama ta fari za ku ga gajimare a ƙarƙashin ƙafafunku. In ba haka ba, ni zan ɗauki tulun kiɗanku a ka, da kakina da hulata!"

Mama Keziya ta ce, "Mata, kun dai ji shi."

Suka ce, "Mun ji, Mama, mun shaida!"

To, ga shi tsakar rana ce, zafi kamar gasa gurasa. Filin jirgin kuwa a kan tudu yake, inda iska ba ta da kauri. Matan nan kuma sun yi lodin buhunan dankali da acca na gudummawar taro. Jirgi ya yi nauyi ƙwarai.

Babban matuƙi, wani dattijo marar yawan magana, ya bar wa Barnaba tuƙi. Jirgi ya zura da gudu, ya rabu da ƙasa, aka naɗe tayoyi. Sai waƙa ta ɓarke a baya, har ƙofar ɗakin matuƙa ta kasa tare ta. Da Barnaba ya ji sun shiga baiti na biyu, sai ya ƙara jan sitiyari, gaban jirgi ya ƙara miƙewa sama.

Dattijon ya ce, "Ɗana, karanta mini gudunmu."

"Yana raguwa, Baba, amma kaɗan ne."

"Kwantar da gabansa."

"Baba, saura baiti ɗaya fa!"

"Gudu ne ke sa fiffike ya ɗauki jirgi. In ka cinye shi wajen hawa, fiffike zai sake mu. Wa ke zaune a baya?"

Barnaba ya dubi lambar da ke nuna gudun tana ta sauka, ya tuna uwarsa da ɗankwalinta na zumunta. Ya kwantar da gaban jirgi a hankali. Gudu ya dawo, jirgi ya ci gaba da hawa sannu sannu.

Bai gama ajiyar zuciya ba sai murya ta zo daga hasumiya, wurin masu ba jirage hanya: "Ku tsaya a ƙafa dubu goma. Akwai wani jirgi a samanku." Barnaba ya leƙa, bai ga kome ba. Duk da haka ya amsa, ya tsaya inda aka ce. Waƙa ta fari ta ƙare. Ta biyu ta ƙare. Sai a ta bakwai, bayan an ba su izini, suka keta gajimare suka fito cikin haske. Ƙarƙashinsu duk ya zama fari fat kamar an baza auduga. Guɗa ta kaure, wata tsohuwa tana ta cewa, "Yabo ga Ubangiji, ashe haka sama take!"

Da suka sauka, Barnaba ya so ya sulale ta bayan masu kaya. Mama Keziya ta cafke hannun rigarsa.

"Ranka ya daɗe, waƙa nawa muka yi?"

"Mama, ai saurin waƙa kuka yi."

"Bakwai! Sunkuyo."

Aka ɗora masa tulu. Ya ratsa filin jirgi da kakinsa, mata arba'in na binsa da tafi da rawa, dattijon na riƙe masa hula yana dariya. Shi ma da ya ga ba mafita, sai ya kama rawar.

Ma'anar wannan misali ita ce: dukanmu muna son hawa, a makaranta, a aiki, har a cikin ikilisiya, kuma hawa ba laifi ba ne. Amma wanda ya ce sai ya kai yau don ya riga ya cika baki, ƙarfin da ke riƙe da shi zai cinye, kuma ba shi kaɗai zai faɗi ba, har da waɗanda ya ɗauka. In Ubangiji ya ce ka dakata a nan, ba ƙin ka ya yi ba. Yana ganin abin da ke samanka wanda kai ba ka gani. Ka ji maganar manya, ka jira izini, za ka kai.

In kuwa bakinka ya riga ya ja maka, ka sunkuya ka ɗauki tulunka da murna. Barnaba ya sha kunya ta minti goma, amma uwarsa na bayansa, da ranta, tana ba da waƙa.