Ramin da Ke Cikin Kod ɗin Reza

Akwai wata injiniya da ke aikin duba kod, wato rubutaccen umarnin na'ura, na kanel, zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Kod ɗin sashen sadarwa take dubawa.

A ofishinsu akwai wani babban ma'aikaci da ake kira Reza saboda kaifin bakinsa. Ya taɓa tsinka ta a gaban taro kan ɗan kuskure, har ranar ta kasa cin abinci.

Wata safiya tana bin kod ɗin da Reza ya rubuta, sai ta tsaya cak. Ta ga kamar idan layi ya katse, kanel na sakin wurin da ya ajiye saƙo a ƙwaƙwalwar na'ura, sannan ya dawo ya karanta wurin. Da irin wannan ramin ɓarayin intanet ke shiga na'urorin mutane.

Maƙwabciyar teburinta ta leƙo, ta ga abin da ta gano. "Yaya, Allah ya kama miki shi! Ki watsa a zaurenmu na intanet kowa ya gani."

Ta girgiza kai. "Zato nake yi tukuna. In ba gaskiya ba ne, na yi masa ƙage. In gaskiya ne, na nuna wa ɓarayi ƙofa."

Ta haɗa kwamfutar gwaji, ta dinga tura mata saƙonni tana katse layi. Shiru. Ta canza salo, ta ƙara gudu. Bayan azahar na'urar ta sandare a daidai inda ta zata.

Ta ɗauki kwamfutarta ta shiga wajen Reza, ta turo ƙofa.

"Malam, zo ka ga wani abu."

Ya kalli gwajin sau biyu. "Wa da wa suka sani?"

"Daga ni sai maƙwabciyar teburina, kuma ba za ta faɗa ba. Matso mu toshe shi."

Suka gyara tare, gyaran ya isa ga jama'a kafin wani mugu ya farga.

Da aka tashi naɗa shugaban sashe, kowa ya ɗauka Reza ne. Sai ya miƙe ya ce, "Ku ba ta. Ni na iya rubutu, ita kuwa ta iya riƙon amana."

Darasi: Ka tabbatar kafin ka zarga. Idan kuskuren wani ya faɗo hannunka, gyara za ka nema, ba ramuwa ba. Ku tura wa abokan aikinku su ma su karanta.