Tulin Ɓawon Ciroma

A zamanin da, a wata ƙasa da iyakarta ta kudu ta jingina da bahar mai gishiri, an yi wani sarki mai suna Tunau. A duwatsun gaɓar nan akwai wata halitta dangin dodon-koɗi, mutanen wurin suna ce mata kunnen-teku, don ɓawonta ya yi kama da kunnen mutum. Bayan ɓawon kaushi gare shi kamar dutse, cikinsa kuwa ƙyalli kamar bakan gizo. Takan manne wa dutse a ƙarƙashin ruwa, sai mai nutso ya sa ƙarfe ya ɓamɓaro ta. Namanta shi ne abincin mutanen gaɓa in hatsi ya yi wuya, kuma daga ciki ake kai wa sarki rabonsa. Tun kaka da kakanni ba a ɗaukar wadda ba ta cika tafin hannu ba, ba a kuma nutso da damina, lokacin da take hayayyafa.

Sarki ya danƙa gaɓar a hannun ƙanensa, Ciroma Sambo. Ba a daɗe ba rabon fada ya soma raguwa, har ya yanke. Sai kuma labari ya riƙa isowa birni cewa teku tana ta amayo gawarwakin masu nutso, jini na fita ta kunnuwansu. Ciroma ya zo ya faɗi gaban sarki, ya ce shugaban masuntan, Sarkin Ruwa Jatau, shi ke tura mutane zurfin da ya fi ƙarfinsu, yana sayar wa fatake naman a ɓoye.

Aka kawo Jatau cikin mari. Tsoho ne, 'ya'yansa biyu suna cikin waɗanda ruwa ya ci. Ya ce Ciroma ne ya tilasta musu nutso rani da damina, da bulala, da sunan umarnin sarki. Aka nemi shaida, ba wanda ya fito, domin duk mai shaidar iyalinsa suna hannun bayin Ciroma. Sarki ya fusata da jin an ɓata jininsa a bainar jama'a, ya ce a kai tsohon gidan yari, hauni ya wasa takobi.

Da fada ta watse, Waziri Barmo ya ƙi tashi. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kan da aka sare ba ya komawa. Nama ana busar da shi a tafi da shi, amma fatake ba sa ɗaukar ɓawo, nauyi gare shi. Duk wanda ya sayar da naman, ɓawon yana wurinsa. Ka ba ni dama in sa shi ya kawo maka da hannunsa."

Sarki ya ce, "In kuwa ƙanena ne fa, Waziri?"

Waziri ya ce, "To, sai mu ga irin sarkin da Allah ya ba mu."

Kashegari sanƙira ya zaga gari yana shela: sarki zai gina sabon soro, a yi masa ado da ɓawon kunnen-teku, wanda duk ya fi kowa kawowa ran Juma'a, gaɓar teku ta zama tasa har jikokinsa. Ciroma ya ji, zuciyarsa ta raya masa cewa ai sai ya ce tsintowa aka yi a bakin ruwa. Ya tura bayinsa gidan gonarsa, inda ungulaye suka daɗe suna shawagi mutane suna mamaki, ya ce su tone ramin da ke bayan danga inda aka binne ɓawon, kada su bar ko ɗaya.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, attajirai suka kawo ɗan abin da suka samu a ƙwarya. Waziri ya sa aka fito da ɓawon da aka tara a madafar sarki tun hawansa, aka zuba, bai wuce gwiwa ba. Can sai ga jakunan Ciroma, layi bai da ƙarshe. Kafin su iso ɗoyi ya riga su, fadawa suka ja rawuna suka toshe hanci, ƙudaje suka rufe ƙofar fada. Aka yi ta juye mangala har tulin ya kere katanga. Makaɗan da suka fara kiɗa suka ajiye gangunansu ba wanda ya ce su daina.

Ciroma ya durƙusa ya ce duk daga rairayin gaɓa aka tsinto. Waziri ya matso. Ya cusa hannu cikin tulin, ya ɗebo, ya zuba a kan buzu gaban sarki. Ɓawon da ya kwana a rairayi yakan dusashe, waɗannan kuwa ƙyalli suke yi, da ragowar nama a jiki, da shatin ƙarfen ɓamɓara a baki. Galibinsu ba su wuce faɗin farce ba.

Sarki ya ɗauki ɗaya, ya aza a tafin hannunsa, ya dubi ƙanensa. Ya ce, "Sambo, har da jarirai?"

A nan matan da ruwa ya cinye mazajensu, waɗanda Waziri ya sa aka ɗauko a asirce tare da 'ya'yansu, suka fito daga zaure. Kowacce ta faɗi sunan mijinta da ranar da aka kora shi ruwa. Sarki ya saurare su duka a tsaye.

Ya sa aka tuɓe rawanin Ciroma, aka raba garkensa da rumbunansa ga marayu, aka kore shi can arewa inda ba zai sake ganin ruwan da ya wuce na rijiya ba. Ya hana nutso sai yadda hali ya yi, ya kuma haramta wa kansa naman. Aka kwance Jatau, sarki da kansa ya nemi gafararsa, ya tambaye shi abin da yake so.

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, kunnen-tekun da suka rage sun yi nisa da juna, ba za su haihu ba. A ba ni kwalekwale in tattara su wuri guda."

Aka ba shi. Ya yi sauran kwanakinsa yana ɗauko su ɗai-ɗai yana jerawa a gindin dutse guda, ya rasu bai ga amfanin aikinsa ba. Sarki Tunau ma ya tsufa, ido ya yi rauni, kafin wata rana masunta su zo fada da labarin duwatsu sun sake cika da kunnen-teku. Suka roƙi izinin nutso. Ya sa aka kai shi gaɓa a kan doki, aka kama hannunsa aka ɗora a dutsen da ruwa ya janye ya bari. Ya shafa, ya shafa, sannan ya ce su ƙara haƙuri har damina ta wuce.