Dalilin da Ya Sa Bayan Wuƙa Ba Ya Yanka

Dalilin da ya sa wuƙa take da baki guda, bayanta kuma ko tuwo ba ya yankawa, ku gyara zama ku ji shi, yara. Ba haka aka fara ƙera ta ba.

A zamanin da, a wani gari da ake kira Tungar Goriba, kowace wuƙa baki biyu gare ta, kuma ba a sayar da ita a kasuwa. Sai an ɗaura aure maƙeri yake ƙera wa ango da amarya guda ɗaya. Baki ɗaya mai kauri ne, na miji, na saran reshe da fiɗa da datse igiya. Ɗayan siriri ne, na mace, na tsaga kaba da gyaran ƙwarya. Al'adar garin kuwa, ba mai wasa bakinsa da kansa. Miji ke wasa na matarsa, mata ke wasa na mijinta. Ran da ɗayansu ya rasu, sai a mayar da wuƙar maƙera a jefa ta wuta, domin an ce bakin da ba shi da mai shi yakan juyo kan wanda ya rage.

To, a ƙarshen garin, can wajen fadama, akwai wata mai saƙar tabarma ana ce mata Tasalla. Shekara talatin da ɗaya suka yi da mijinta Nomau, Allah bai bar musu ɗa ba. Wuƙarsu taƙi ɗaya ce tsawonta, ba nauyi, ƙotarta ta ƙirya ta yi baƙi ta yi sumul saboda riƙo, kubenta na jar fatar akuya. Da safe Nomau ya rataya ta ya shiga daji ya yanko kaba. Da azahar ya dawo ya miƙa wa Tasalla ta yi tsaga. Da la'asar su zauna gaban dutsen washi, ta wasa nasa, ta miƙa masa ya wasa nata. Ba su cika surutu ba. Ƙarar dutsen ta ishe su.

Da kaka Nomau ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Tasalla ta yi takaba ta gama, amma wuƙa ba ta je maƙera ba. Ita ke rataya ta yanzu ta shiga daji, ita ke yanko kaba ta ɗauko a ka. Da la'asar ta zauna ta wasa bakin Nomau kamar kullum, ta gama, ta riƙe wuƙar a hannu jim kaɗan, sannan ta mayar kube. Nata bakin ya dakushe, don ba mai wasa mata. In tana tsaga sai ta danna da ƙarfi, na Nomau kuwa, da yake kullum a washe yake, sai ya shige mata tafin hannu. Sau biyu haka ta faru. Matan rijiya suka ga tsumma ɗaure a hannunta, magana ta kai kunnen Arzika, Sarkin Maƙera. Ya aika mata, ba ta zo ba. Ya taso da kansa.

Ya yi sallama a ƙofa ya ce, "Ina masu gida?"

Tasalla ta ce, "Mutum ɗaya ce ta rage. Shigo, Sarkin Maƙera."

Ta shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa. Ya dubi hannun ya ce, "Me ya same ki nan?"

"Ƙaya ce."

"Ƙayar dajin naku ta iya yanka a miƙe." Ya gyara rawani. "Tasalla, kin san abin da ya kawo ni. Ba ni ita. Zan ƙera miki basilla biyu daga jikinta, kyauta."

"Da basilla zan yanko kaba? Ko kai za ka riƙa shiga daji kana yanko min?"

"Ba ni na kafa al'adar ba. Ubana ya ƙera wuƙar nan, ni zan narka ta. Haka ake yi."

Ta dubi kuben da ke rataye a bango. Can ta ce, "Bakin maigida kuke tsoro. To, ni zan kashe shi da hannuna, a kan dutse. In ya daina yanka, ka bar min abina."

Arzika ya yi dariya ya ce, "Ƙarfen ubana za ki cinye da dutse? To, na ba ki kwana uku. Kuma tabarma biyu, don za a zage ni a gari."

"Kwana bakwai. Tabarma ɗaya."

"Biyar. Biyu."

"Sarki, zagin da za a yi maka bai kai tabarma biyu ba. Bakwai, da tabarma ɗaya, na ƙara maka faifai. Wadda kake zaune a kai ma ta isa."

Ya dubi tabarmar, ya shafa saƙarta, ya ga ba ya samun irinta a kasuwa. Ya ce, "Ran kasuwa mai zuwa, da hantsi. In ya yanka ko zaren kaba ɗaya, wuta." Ya naɗe tabarmarsa ya tafi.

Washegari Tasalla ta tafi bakin rafi, inda wani falalen dutse yake, ba mai zuwa wurin sai balbelu. Ta ɗebi ruwa ta zuba, ta durƙusa ta fara guga. Ta yini tana yi. Kashegari ma haka. A rana ta uku ta ce bari ta gwada, ta ɗora ganyen kaba a kai. Kafin ta danna ya rabu biyu.

Ashe hannunta ne ya yaudare ta. Shekara talatin da ɗaya yana kwantar da ƙarfen nan a karkace, yadda ake washi, bai san wata hanya ba. Kwana biyu cur tana ƙara masa kaifi.

Ta zauna a kan dutsen, ta ajiye wuƙar a cinya. Ta ce, "Kai ma dai, maigida, ka ƙi tafiya."

Sai ta tsayar da wuƙar a tsaye, bakin Nomau yana kallon dutse, ta kama da hannu biyu ta tura. Ƙarar da ya yi ta shiga mata har haƙora. Ta tsaya. Ta sake turawa. Duk sa'ad da hankalinta ya tafi, sai hannun ya kwanta da kansa, sai ta daki bayansa ta tsayar. Haka ta yi kwana huɗu, daga hantsi zuwa la'asar. Gwiwoyinta suka saɓule, dutsen ya yi kwari. A rana ta ƙarshe ta goga bakin a kumatunta, ta ji shi da ɗumi, sumul, kamar bayan ludayi. Ta daɗe ba ta ɗauke shi ba.

Ran kasuwa ta je maƙera, mutane suka taru. Arzika ya ja kaba a bakin Nomau, bai yanka ba. Ya ja zare, bai yanka ba. Ya danna a tafin hannunsa, ko alama. Sai ya juya ɗaya bakin ya gwada, shi ma da ƙyar ya kankare ganye.

Ya ce, "Kin ci, taki ce. Amma ƙarfe kawai gare ki yanzu. Kawo in wasa miki naki, ba sai kin ba ni komai ba."

Ta karɓe wuƙarta ta ce, "Hannu ɗaya ya taɓa wasa min. Ara min dutsenka."

A gaban jama'a ta durƙusa ta wasa nata bakin da kanta, abin da ba a taɓa gani ba a garin. Ba ta iya ba, don siririn baki ba irin washin mai kauri yake so ba. Ya yi kaifi kaɗan, ba sosai ba. Wasu suka yi dariya. Ta mayar kube, ta bi ta tsakiyarsu ta wuce.

Ba ta koma gida ba, daji ta shiga. Ta sami gindin goriba, ta kama kaba ta ja, wuƙar ta ƙi shiga. Ta sake ja, ta ƙi. Ba tare da ta yi tunani ba, ta ɗora babban yatsanta a gefen Nomau, inda yatsa bai taɓa iya zama ba, ta danna. Kaba ta faɗi. Ta yanka wata, ta yanka wata. Da ta zauna tsaga kuwa, yatsan yana bi da wuƙar yadda take so, zaren ya fito siriri irin wanda ba ta taɓa fitarwa ba. Ta dubi yatsan, ba jini. Ta ce a hankali, "To, danna min, maigida."

Ba a yi wata biyu ba masu saƙa suka ga tabarmarta, suka je wurin Arzika ya ƙera musu wuƙa irin ta Tasalla. Maharba ma suka bi, don sun ga za su iya dukan gefen da sanda su faskara itace.

Shi ya sa har yau ɗin nan maƙera suke barin gefe ɗaya ba kaifi, kowa kuma yake wasa wuƙarsa da kansa. Mu muna ce wa wurin bayan wuƙa. Tasalla kuwa, har ta koma ga Allah, gefen maigida take ce masa.