Makiyayin da Ya Hana Kansa Barci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya sanya barci hutu ga bayinsa, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama. Bayan haka, wannan ɗaya ce daga karamomin shehinmu na Sifawa, malami masani, mai tsentseni da gudun duniya, wanda ya haddace Alƙur'ani tun bai tsiro gemu ba, ya sha Fiƙihu da Tasawwufi har manyan malaman Boɗinga sukan sassauta murya idan ya shigo majalisi. Allah Ya yarda da shi, ba a taɓa jin ya daka wa ko akuya tsawa ba.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, masu allurar dabbobi suka zagayo ƙasar Shagari saboda ciwon bushiya, annobar nan mai share garke cikin 'yan kwanaki, kuma duk saniyar da suka yi wa allura sai su huda mata kunne don a gane ta. A Lambara kuwa akwai wani makiyayi, Lirwanu, mai shanu talatin na gado, bakwai daga ciki na ƙanwarsa Bilki ne, kowace tana ɗauke da tsagar gidansu a kunne tun kaka da kakanni. Gogan naka ya rantse baƙo ba zai ɗora ƙarfe a kan tsagar ubansa ba. Ya kora garken cikin fadama ya ɓoye har masu allura suka wuce, ya dawo yana yi wa maƙwabta dariya.

Ba a yi wata biyu ba ciwon ya shigo. Shanun maƙwabta masu hudajjen kunne suna kiwonsu, nasa suna zawo da hawaye suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari babu abin da ya rage sai igiyar ɗaure maruƙa da ungulu a kan itace.

Bilki ta yafe masa tun a ranar, ta ce abin Allah ne. Shi ne bai yafe wa kansa ba. Ya yanke hukunci cewa wanda ya kashe dukiyar ubansa da hannunsa bai cancanci tabarma ba, ya koma ya zauna a kufan garke, da gyangyaɗi ya fizge shi sai ya zabura ya mari fuskarsa yana kiran sunayen shanun. Daga baya da ya nemi barcin, barcin ya ƙi shi. Kwana arba'in yana haka, idanu sun faɗa, yana magana shi kaɗai, abin tausayi ƙwarai. An ba shi rubutu ya sha, an yi turare, duk a banza. Ranar da Bilki ta same shi tsaye a bakin rijiya yana leƙe, babu guga a hannunsa, ta ari jaki ta ɗora shi ta nufi Sifawa tana kuka.

Suka iso da hantsi, Malam yana ba mu karatu a gindin wata 'yar aduwa wadda inuwarta ba ta fi tabarma biyu ba. Kafin Bilki ta buɗe baki ya rufe littafi ya ce, "Lirwanu na Lambara, zamna." Alhali bai taɓa ganinsa ba.

Lirwanu ya zube a gabansa ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ba magani niz zaka nema ba. Ni nik kashe su. Ka roƙa min Allah shi ɗauki raina in huta."

Malam ya dube shi ya ce, "Kai makiyayi na. In saniya ta ɓace ta komo da rauni, mi kaka yi mata?"

"In ba ta ruwa, in wanke raunin, in yi mata hayaƙi don ƙuda."

"Ba ka dukanta don ta ɓace?"

"Wa ka dukan marar lahiya, Malam?"

"To ranka amana na, awa shanun. Kuskure ka yi, ka tuba, Mai shi Ya ji. Cikin abin da anka ba ka kiwo shi ɗai yar rage, kai ko kwana arba'in kana dukan shi. Kwanta."

Lirwanu ya buɗe baki zai yi musu, sai kuka ya ƙwace masa, kukan da bai yi ba tun faɗuwar saniyar farko. Malam ya ɗora hannunsa mai albarka a kansa, kafin kafaɗarsa ta taɓa ƙasa barci ya ɗauke shi.

A nan ne Allah Ya nuna ikonsa. Rana ta take tsaka, ta karkata, inuwar katanga da ta rumbu da ta jakin duk suka juya gabas yadda aka saba, amma inuwar aduwar nan ta tsaya a kan Lirwanu ba ta gusa ko taƙi guda ba. Muka yi Azahar muka yi La'asar muna satar kallonta. Wani daga cikinmu ya so ya tashe shi salla, Malam ya ce, "Bar shi. An ɗauke alƙalami daga mai kwana, shi ranka sallar in ya tashi."

Bai farka ba sai hantsin washegari. Ba zan ƙara wa labarin gishiri ba, shanu ba su dawo ba, kuma har ya bar duniya na mutane yake kiwo a Shagari. Amma a safiyar nan, bayan ya rama sallolinsa, ya ce yana jin yunwa. Bilki ta kwance ƙullin fura, ta tsaya tana kallon ƙwarya, hawaye na zuba, ta ce, "Yaya, babu nono."

Ya daɗe yana duban ƙwaryar, sannan ya ce, "Dama da ruwa." Ta dama, ya shanye duka.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya fi uwa tausayin bawansa. Ya Allah Ka haskaka kabarin shehinmu, Ka ɗaukaka darajarsa cikin salihai, Ka yayyafa mana albarkarsa, Ka sanyaya zuciyar duk wanda laifin kansa ya hana shi runtsawa. Amin.