Mabuɗin Alhaji Zayyanu

Akwai wani ɗan kasuwar albasa a Bagudo, Alhaji Zayyanu, mutumin da ko murfin tukunya bai son a buɗe a gidansa ba da saninsa ba.

Ya sa sola, kyamarori, famfon ruwa da ƙofar ƙarfe mai buɗe kanta, wani ƙaramin akwati a ɗakinsa ke tafiyar da su duka. Kowanne da kalmar sirrinsa, yana ta mantawa. Sai ya kira Tolu mai gyaran na'ura, ta haɗe su wuri guda: a shiga sau ɗaya, a turo lamba ta saƙon waya, komai ya buɗe.

Da ta gama, ta nemi ta sa sunan matarsa Hamdiyya a matsayin mutum na biyu. Hamdiyya na da tsohon ciki. Tolu ta gaya masa da ya tsallaka Benin layinsa zai ɗauke, lambar ba za ta iso shi ba.

"Mi za ta yi da shi? Maigida guda, mabuɗi guda," in ji shi.

Tolu ta ɗauki jakarta ta tafi.

Ranar da zai tafi kasuwa a ƙasar Benin, ya kulle ƙofa daga waya kamar kullum, ya jefa makullin hannu a aljihu. Ya ce kafin la'asar ya dawo.

Yana cikin kasuwa can tsallake, mai masaukinsa ya miƙo masa waya. Ni'ima ce, maƙwabciya. Naƙuda ta taso wa Hamdiyya da jini, mai keke-napep na bakin gida, ƙofa ta ƙi motsi.

Ya danna wayarsa. Ta nemi lamba. Ya jira, ya sake dannawa. Babu saƙo. Ta wayar aron nan yana jin ana dukan ƙarfe, yana jin muryar Hamdiyya tana raguwa.

"Alhaji, faɗa mana abin da za mu danna," in ji Ni'ima.

Ya fita da gudu neman babur.

Sai da aka nemo mai walda ya yanka ƙofar. Hamdiyya ta rayu. Jaririn kuwa, kafin babur ya sauke Alhaji, maƙwabta sun dawo daga maƙabarta.

Darasi: Duk tsaron da mutum ɗaya kaɗai ke iya buɗewa, kurkuku ne ga na ciki. Ku ba wanda kuka amince da shi hanyar shiga tun yau, kuma ku tura wa masu irin halin nan su karanta.